An tuɓe Yarima Andrew babu hukuncin kotu: zalunci ne?

Tambaya: Malam, na ji a labarai cewa Sarki Charles na Ingila ya tuɓe ƙaninsa Andrew daga matsayin yarima, ya kuma tashe shi daga gidan da yake zaune. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, an ce babu kotun da ta kama shi da laifi. Ta yaya ake cire wa mutum sarautar da aka haife shi da ita? Kuma wannan ba zalunci ba ne, wa ya wulaƙanta ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya saboda surutun jaridu?

Amsa: Ɗan'uwa, ka faɗi gaskiya a abu guda, kuma wajibi ne in fara da shi. A ranar 30 ga Oktoba, 2025, da fadar Buckingham ta fitar da sanarwar tuɓe shi, babu wata kotu a Birtaniya ko Amurka da ta same shi da laifi, shi kuma ya tsaya kai da fata yana musanta zargin da ake masa na kwanciya da wata yarinya 'yar shekara 17 da aka ce abokinsa Jeffrey Epstein ya yi safararta. Wannan haƙƙinsa ne a faɗa. Inda ban yarda da kai ba shi ne kalmar "surutun jaridu". Na yi shekaru ina koyar da tarihin tsarin mulkin Birtaniya, wannan magana kuma tun 2011 nake bibiyar ta. Abin da na gani shi ne, mutumin nan bakinsa ne ya yanka masa wuya, gidansu kuma ya yi ta rufa masa asiri har shekara 14 kafin hannu ya gaji.

Sai ka san waye shi kafin ka gane tsawon faɗuwar. An haifi Andrew ranar 19 ga Fabrairu, 1960, ɗa namiji na biyu ga Sarauniya Elizabeth ta II. Har zuwa haihuwar William, ɗan fari na Charles, a 1982, shi ne na biyu a layin gado, wato daga Charles sai shi. A shekarar ce kuma ya je yaƙin tsibiran Falkland da aka gwabza da Ajantina, yana tuƙa jirgi mai saukar ungulu daga kan jirgin ruwan yaƙi na HMS Invincible. Akwai hotonsa da ya shahara, ranar da suka dawo tashar Portsmouth, saurayi ɗan shekara 22 cikin kakin sojan ruwa, da jar fure a bakinsa, uwarsa ta zo tarbarsa. A lokacin ya fi wansa farin jini a wurin jama'a. A 1986 ya auri Sarah Ferguson, ranar auren kuma Sarauniya ta naɗa shi Duke na York, sarautar da bisa al'ada ake bai wa ɗa na biyu. Kakansa George na VI ita ya riƙe kafin ya hau gado.

Da ya bar aikin soja a 2001, sai aka ba shi muƙamin wakilin Birtaniya na musamman kan kasuwanci da zuba jari. Nan ƙorafi ya fara, kan yawan tafiye-tafiye da kuɗin jama'a da kuma irin mutanen da yake hulɗa da su. Misali guda ya isa: gidansa na Sunninghill Park, wanda ya daɗe a kasuwa babu mai saye, a 2007 surukin shugaban Kazakhstan na lokacin ya saye shi fam miliyan 15, ƙarin fam miliyan 3 a kan kuɗin da aka sa masa. Babu wanda ya tabbatar da laifi a cinikin, amma mutane sun riƙe abin a zuci.

Yanzu mu zo ga Jeffrey Epstein. Attajiri ne ɗan Amurka, Andrew kuma ya ce ta hannun tsohuwar ƙawarsa Ghislaine Maxwell ya san shi a 1999. Abota ce da ta kai Epstein ya shiga fadar Windsor, ya je farauta a gandun sarauta na Sandringham, ya halarci bikin cikar 'yar Andrew, Gimbiya Beatrice, shekara 18 a 2006, alhali 'yan sandan Florida sun riga sun yi nisa a bincikensa. A 2008 Epstein ya amsa laifin neman ƙaramar yarinya da lalata don kuɗi, ya yi kusan wata 13 a tsare. Ka lura da wannan shekarar, domin ita ce ke raba uzuri da rashin uzuri. Kafin 2008 mutum zai iya cewa ban san halinsa ba. Bayan 2008 duniya ta sani. Amma a Disamba 2010 sai aka ɗauki hoton Andrew da Epstein suna tattaki tare a dandalin Central Park na New York, kuma a gidan Epstein ya sauka, ya kwana ya yini na kwanaki.

Wata biyu bayan haka, a Fabrairu 2011, wani hoton ya fito wanda shi ne ya bi shi har ƙarshe. An ɗauke shi a 2001 a gidan Maxwell da ke Landan. Andrew ne tsaye, hannunsa a ƙugun wata yarinya mai suna Virginia Roberts, 'yar shekara 17, Maxwell kuma tana bayansu a bakin ƙofa tana murmushi. Yarinyar, wadda daga baya aka fi sani da Virginia Giuffre, ta ce Epstein da Maxwell sun yi safararta, sun tilasta mata kwanciya da shi sau uku, a Landan da New York da tsibirin Epstein. Shi ya ce bai ma tuna ya taɓa haɗuwa da ita ba. A Yuli 2011 ya ajiye muƙamin wakilin kasuwanci, amma ya ci gaba da aikin fada kamar komai bai faru ba, har shekara 8.

Abin da ya birkita lissafi shi ne sake kama Epstein a Yuli 2019 da mutuwarsa a kurkukun New York ranar 10 ga Agusta. Sai Andrew ya yanke shawarar wanke kansa a talabijin. Hirar da Emily Maitlis ta shirin Newsnight na BBC ta yi da shi a cikin fadar Buckingham, wadda aka watsa ranar 16 ga Nuwamba, 2019, ina ba ɗalibai shawarar su zauna su kalle ta daga farko har ƙarshe. Ni a daren na kalle ta. Kujeru biyu ne a tsakiyar wani makeken ɗaki, da ɗan teburi tsakaninsu, shi ya zauna cikin kwat da nakatayel, yana magana a natse kamar wanda ya tabbata yana cin nasara. Ta tambaye shi daren 10 ga Maris, 2001, da Virginia ta ce an haɗa su. Ya ce ba zai yiwu ba, domin a ranar ya kai 'yarsa Beatrice wani biki a gidan abinci na Pizza Express da ke garin Woking. Ta ce masa yarinyar ta ce yana ta zuba gumi a gidan rawa. Ya ce a wancan lokacin ba ya yin gumi sam, saboda wata lalura da ya samo a yaƙin Falkland. Ta tambaye shi dalilin da ya sa ya je gidan wanda kotu ta ɗaure kan lalata da yarinya. Ya ce ya je ne ya yanke abotar ido da ido, domin yankewa ta waya aikin ragwaye ne, ya kuma sauka a gidan ne saboda ya fi sauƙi. Ya ƙara da cewa wataƙila mutuncinsa ne ya yi yawa.

Duk wannan mutane za su iya yi masa dariya su wuce. Wurin da na ji jikina ya yi sanyi daban ne. Ta tambaye shi ko ya yi nadamar abotar, ya nuna bai yi ba, domin mutanen da ya sani da damar da ya samu ta hannun Epstein sun yi masa amfani. Da ya zo siffanta abin da Epstein ya aikata, sai ya yi amfani da kalmar da ke nufin "halin da bai kamata ba", irin wadda za ka faɗa wa wanda ya yi shewa a wurin zaman makoki. Matar ta maimaita kalmar cikin mamaki, ta tuna masa cewa mai lalata da yara ake magana. Kusan awa guda ya yi yana magana, ko sau ɗaya bai ce ya tausaya wa yaran da aka lalata ba. A ƙarshe ta tambaye shi ko akwai abin da yake son ƙarawa, ya ce babu. Ni a ganina a wannan minti ɗin sarautarsa ta ƙare, sauran shekara 6 da suka biyo baya jan ƙafa ne kawai. Cikin kwana 4 kamfanoni da ƙungiyoyi suka fara zare jiki, ranar 20 ga Nuwamba ya sanar da janyewa daga ayyukan fada. A sanarwar ya ce a shirye yake ya taimaka wa masu bincike, amma a Janairu 2020 babban mai gabatar da ƙara na New York, Geoffrey Berman, ya tsaya a ƙofar gidan Epstein ya ce ba su samu haɗin kai ko ɗaya daga wurinsa ba. Lauyoyin Andrew sun musanta hakan.

Ka ce kotu ba ta kama shi ba. Haka ne, amma ka ji dalilin da ya sa maganar ba ta kai ga hukunci ba. A Agusta 2021 Virginia ta shigar da ƙarar neman diyya a New York. Lauyoyinsa suka nemi a kori ƙarar, suna dogaro da wata yarjejeniya da ta yi da Epstein a 2009. Ranar 12 ga Janairu, 2022, alƙali Lewis Kaplan ya ƙi. Washegari Sarauniya ta karɓe muƙamansa na soja da shugabancin ƙungiyoyi, aka ce ya daina amfani da laƙabin Mai Martaba a hukumance, zai kuma kare kansa a matsayin ɗan ƙasa kamar kowa. A ranar ce tsofaffin sojoji fiye da 150 suka rubuta mata wasiƙa suna neman hakan. Lauyoyinsa sun ce yana son a yi shari'a gaban masu taimaka wa alƙali. Ba a cika wata ɗaya da faɗin haka ba, ranar 15 ga Fabrairu, aka sanar da sulhu, ana saura makonni kaɗan ya zauna ya amsa tambayoyi bisa rantsuwa. Ba a bayyana kuɗin ba, jaridun Birtaniya sun ce ya kai wajen fam miliyan 12. Bai amsa laifi ba, kuma a shari'a sulhu ba amsa laifi ba ne, wannan ƙa'ida ce da nake girmamawa. Amma shi ne ya zaɓi ya rufe ƙofar da za ta iya wanke shi, ya biya matar da ya ce bai taɓa gani ba. Ba zai yiwu kuma daga baya a ce an hana shi zuwa kotu ba. Ita kuwa Maxwell, kotu ta same ta da laifi a Disamba 2021, aka yanke mata shekara 20.

Me ya sa ba a gama da shi tun lokacin ba? Uwa. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma Elizabeth ba ta yanke ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ranar 29 ga Maris, 2022, mako 6 kacal bayan sulhun, aka yi addu'ar tunawa da mijinta Philip a majami'ar Westminster. Tsohuwa 'yar shekara 95 ta shigo ta ƙofar gefe, sanda a hannu guda, ɗaya hannun kuma ta dafa Andrew, ya raka ta har kujerarta a gaban kyamarorin duniya. Ban ga laifinta a matsayin uwa ba, kowace uwa za ta gane abin da ta ji. Amma ita ba uwa ce kawai ba, kuma mutane da yawa sun karanta wannan tafiya a matsayin saƙo cewa ɗan lele ya fi ƙarfin abin da ya faru. Wata guda bayan haka majalisar birnin York ta ƙwace karramawar da ta yi masa.

Bayan rasuwarta a Satumba 2022, abubuwa suka riƙa zubowa ɗaya bayan ɗaya. A Disamba 2024 aka gano kusancinsa da wani ɗan kasuwar China, Yang Tengbo, wanda gwamnati ta hana shiga ƙasar bisa zargin leƙen asiri, zargin da ya musanta. A Afrilu 2025 Virginia ta kashe kanta a Ostireliya tana da shekara 41, ta bar 'ya'ya uku da littafin tarihin rayuwarta da ya fito a Oktoba. A watan Oktoban nan ne kuma jaridu suka buga saƙon imel da ya aika wa Epstein a ƙarshen Fabrairu 2011, jim kaɗan bayan fitowar hoton, yana ce masa da alama tare suke a cikin wannan lamari, su ci gaba da tuntuɓar juna. Ka tuna ya gaya wa duniya cewa tun Disamba 2010 ya yanke hulɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan ba zargin wata ba ne da zai ce bai tuna ba, rubutunsa ne da ya ƙaryata bakinsa. Sannan aka fito da takardar hayar Royal Lodge, gida mai ɗaki 30 a harabar Windsor, inda kakarsa ta zauna har rasuwarta a 2002. Ya karɓi hayar shekara 75 a 2003, ya biya fam miliyan 1 da kuɗin gyara fam miliyan 7.5, daga nan kuɗin hayarsa na shekara ƙwayar masoro ɗaya ce, ita ma idan an nema. Wannan tsohon salon rubuta yarjejeniya ne a dokar Ingila, ba haramun ba ne. Amma gidan na cikin kadarorin da ribarsu ke shiga baitulmali, kuma a ƙasar da matasa ke kashe kaso mai tsoka na albashi a hayar ɗaki, labarin ya ƙona zukata. 'Yan majalisa suka fara tambaya, wani ma ya yi wa Sarki ihu a bainar jama'a a garin Lichfield yana tambayarsa tun yaushe ya san maganar. Tun kafin fitowar takardar hayar, ranar 17 ga Oktoba, Andrew ya ce ya daina amfani da sarautar Duke, amma da harshen wanda ke yi wa ƙasa alfarma, yana sake musanta komai. Bai wadatar ba. Bayan kwana 13 Sarki ya yi abin da ka ji.

Sai tambayarka ta yadda ake cire abin da aka haifi mutum da shi. Jini ba a cire shi, har gobe ɗan Elizabeth ne. Amma laƙabin yarima a Birtaniya ba jini ba ne tsantsa, kyauta ce daga mai mulki, bisa takardar da Sarki George na V ya fitar a 1917 da ta fayyace wa zai amsa yarima ko gimbiya. Abin da takardar sarki ta bayar, takardar sarki na iya karɓewa, kuma haka aka yi a farkon Nuwamba. Shi ya sa sunansa yanzu Andrew Mountbatten-Windsor, su kuwa 'ya'yansa Beatrice da Eugenie suna nan da gimbiyarsu, domin jikokin sarauniya ne ta wajen ɗa namiji kuma ba su yi komai ba. Sarautar Duke ta fi wuya, domin kashe ta ɗungurungum sai da dokar majalisa. Rabon da a yi haka tun dokar 1917, wadda aka yi amfani da ita a 1919 a kan dangin sarauta da suka mara wa Jamus baya a yaƙin duniya na farko. Don kada a kai maganar gidansa zauren majalisa, Sarki ya sa aka goge sunan daga rajistar masu sarauta, ta yadda ba za a kira shi da ita a kowace takardar hukuma ba. Wannan ya bambanta da abin da muka saba gani a Arewa, inda gwamna ke tuɓe sarki da takarda guda, kamar yadda aka yi a Kano a Maris 2020. A Birtaniya kuwa gwamnati ta tsaya a gefe ta ce ta goyi baya, mai gidan ne da kansa ya zare rawanin, kamar yadda sarki a nan zai karɓe sarauta daga hakimin da ya zubar da mutuncin fada.

Shin zalunci ne? A'a, kuma ina faɗa da dukkan zuciyata. Kotu tana hukunta laifi, tana ɗaure mutum ko ta ci shi tara, kuma dole ta samu hujja tabbatacciya kafin ta yi. Girmamawa wata aba ce daban. Ba haƙƙin kowa ba ce, jama'a ne ke bayarwa, kuma sarautar Birtaniya ba ta da soja nata, ba ta kafa doka, ba ta da abin da take tsaye a kai illa yardar mutane cewa gidan ya cancanci a rusuna masa. Wanda ya je ya kwana a gidan mai lalata da yara bayan an ɗaure shi, ya yi wa ƙasa ƙarya kan lokacin da suka rabu, ya kasa furta kalmar tausayi ga yaran, ko da a ce duk sauran zargin ƙarya ne, waɗannan ukun tabbatattu ne kuma sun isa. Da aka tuɓe shi ba a ɗaure shi ba, ba a bar shi a titi ba, Sarki ya ba shi masauki a gandun Sandringham da ke Norfolk kuma daga aljihunsa zai riƙe shi. Idan akwai zalunci a labarin nan, 'yan matan da aka riƙa kai wa gidajen Epstein suna shekara 14 da 15 aka yi wa, yawancinsu 'ya'yan talakawa da aka yaudara da kuɗin tausa. Ina kuma ganin laifin fadar kanta. Ba ta motsa don ta ji kukan Virginia ba, ta motsa ne a duk lokacin da wutar ta kusa kama labulenta: a 2019 bayan hirar, a 2022 ana dab da bikin cikar Sarauniya shekara 70 a kan gado, a 2025 da majalisa ta fara leƙa takardun haya. Sai a sanarwar 30 ga Oktoba ne Sarki da Sarauniya Camilla suka fito fili suka ce tunaninsu da tausayinsu na tare da waɗanda aka ci zarafinsu, wata 6 bayan rasuwar wadda ta fi kowa buƙatar jin hakan.

Abu guda da takardar Sarki ba ta taɓa ba shi ne layin gado. Ranar da aka tuɓe shi, shi ne na 8, bayan William da 'ya'yansa uku, da Harry, ƙanin William, da 'ya'yansa biyu. Cire shi daga nan ba ya hannun Charles, sai majalisa ta yi doka kamar wadda ta yi a 1936 lokacin da Edward na VIII ya yi murabus, sannan a nemi amincewar sauran ƙasashe 14 da suke ɗaukar Sarkin Ingila a matsayin shugaban ƙasa, irin su Kanada da Ostireliya da Jamaika.